Darasi: Ginin ƙasa da tsofaffin garuruwan jihar Agadas

Matafiyin da ya doshi Agadas, ko daga Tawa ya fito ko daga Damagaram, akwai abin da yake fara hangowa tun daga nesa. Hasumiyar babban masallaci ce. Tsawonta mita 27, wato kamar mutum 16 in sun hau bisa kan juna. Ba da siminti aka gina ta ba, ba da ƙarfe ba. Ƙasa ce da icce. Tana cikin hasumiyoyin ƙasa mafi tsawo a duniya.

A ƙauyuka da yawa ana cewa gidan ƙasa gidan talaka ne. Wanda ya sami kuɗi sai ya yi sauri ya sayo siminti da kwano. Waɗansu kuma suna cewa ginin ƙasa ba ya daɗewa. To, in haka ne, mi ya riƙe masallacin Agadas shekara 500? Mi ya sa kuma waɗansu garuruwan jihar suka zama kufai? Amsar tana da amfani ga duk mai gida, domin abin da ya riƙe masallacin shi ne zai riƙe ɗakinsa.

Ƙasa mai faɗi, mutane kaɗan

Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar faɗi. Amma ƙidayar shekarar 2012 ta sami mutum kusan 488,000 kawai a cikinta. A tsakiyarta akwai duwatsun Abzin. Gabas da su akwai rairayin Tenere, bayansa kuma Kawar, ƙasar gishiri da dabino. Yamma akwai filayen kiwo na wajen Ingal.

Ruwan sama kaɗan ne. A garin Agadas bai cika wuce milimita 150 a shekara ba. A Maraɗi kuwa yakan kai wajen 500. Saboda haka gari ba ya kafuwa sai inda akwai rijiya, ko ƙorama, ko gishiri, ko hanyar fatake.

Yadda aka kafa Agadas

Wajen shekarar 1405 ƙabilun Abzinawa suka naɗa sarki ɗaya, mai raba gardama tsakaninsu. Sunansa Yunus. Wajen 1450 sarautar ta zauna a Agadas. Kowace ƙabila ta yi gini a wurin da take kafa zango. Shi ya sa tsohon garin yake da unguwa 11, hanyoyinsu ba miƙaƙƙu ba. A Katanga fadar Sarkin Abzin take. Amarewat unguwar masu ginin tukwane ce. A Amdit akwai gidan Anastafidat, shugaban Kel Ewe.

Ayari shi ya raya garin. Fatake suna zuwa daga Gat da Tarabulus, su wuce Katsina da Kano. Raƙuma suna kawo gishiri da dabino daga Bilma, su kai ƙasar Hausa, su komo da hatsi da tufafi. Ta wannan hanya Hausa ta zama harshen kasuwar Agadas.

Garin ya ga daɗi, ya ga wuya. A watan Oktoba 1850 wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya sauka a cikinsa. Ya tarar da gidaje da yawa sun zama kango. Ɗakin da ya kwana yana nan, ana nuna wa baƙi. A watan Disamba 1916 Kawsan da Sarkin Abzin Tagama suka kewaye barikin Faransa na Agadas. A watan Maris 1917 sojan Faransa suka zo daga Damagaram suka karya su. Suka kashe mutane da yawa, har da malamai. Jama'a ta watse. Amma daga baya mutane suka komo, suka gyara gidajensu. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun wuce 110,000.

A watan Yuni 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Ma'anar wannan ita ce, ƙasashen duniya sun yarda garin gado ne da ya kamata a tsare shi domin ƴan baya.

Itacen da ke jikin hasumiya

Tarihi ya ce wajen 1515 aka gina masallacin. Ana danganta ginin ga Malam Zakariya, wanda mutanen gari suke ɗauka waliyyi. A 1844 aka sake gina hasumiyar. Gindinta yana da faɗi, tana tsukewa tana hawa, don haka nauyinta a ƙasa yake. A da, ladan yana kiran salla daga bisa, masu tsaro kuma suna hangen ayari ko mahara.

Duk wanda ya dube ta zai ga itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane gefe. Aikinsu biyu ne. Suna ɗaure ginin daga ciki. Kuma su ne matakalar magina. In yaɓe ya zube, a kansu magina suke tsayawa su sake shi. Wato tun ranar da aka yi ginin aka shirya hanyar gyaransa.

Bayan ƴan shekaru, in jikin masallacin ya gaji, Sarkin Abzin yakan ba da umurni. Magina su taru. Matasa su kwaɓa ƙasa. Waɗansu su ɗebo ruwa, waɗansu su kawo abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ake yi a Jenne ta ƙasar Mali, inda jama'ar gari suke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu.

Gidan mutanen Agadas

Maginan da suna amfani da tubali na hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai. Ana kiransa ƙunƙu. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula, a shanya a rana. Daga baya aka shigo da tubali mai kusurwa huɗu, wanda ake bugawa cikin akwati.

Bangon yana da kauri. Tagogin ƙanana ne. Rufin shimfiɗaɗɗe ne: a jera azara ta goriba, a shimfiɗa tabarmi ko kara, a zuba ƙasa a daɓe. Ana sa indararo domin ruwa ya sauka nesa da bango. Akwai zaure na baƙi, akwai tsakar gida ta iyali, akwai dakali a ƙofa. Da bazara ana hawa bisa soro a kwana. Masu hali suna yi wa ƙofa da ɗakuna ado da ƙasa. Gidan Sidi Ka, wanda aka gina a 1917, ya yi suna saboda zanen da ke cikinsa.

Mi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da rana? Bango mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Yana shan zafin a hankali duk yini. Kafin zafin ya kai ciki, rana ta faɗi. Da dare sai bangon ya saki ɗumin da ya tara. Shi ya sa da bazara ɗakin yake da sanyi da tsakar rana, da dari kuma yake da ɗumi da dare. Kwano ba haka yake ba. Da rana ta taɓa shi ya ɗauki zafi, da sanyi ya sauka ya huce.

Kowane gari da abin gininsa

Ƙananan garuruwan jihar ba iri ɗaya suke gini ba. Kowa da abin da Allah ya ajiye kusa da shi.

Ingal tana yamma da Agadas, tafiyar kilomita 160. Garin dabino ne, gidajensa na ƙasa. Kowace shekara, a ƙarshen damina, makiyaya Abzinawa da Fulani suna taruwa can domin dabbobi su sha ruwan gishiri. Arewa da ita akwai Tegidda-n-Tesemt, inda ake fid da gishiri daga ƙasa a cikin ƙananan ramuka.

Timiya da Iferwan da Tabelot suna cikin duwatsun Abzin. Garuruwan garka ne. Ana noman alkama, albasa, lemu da dabino. Da yake dutse yana ko'ina, ana jera shi a gindin bango, wani lokaci har sama, a liƙe da laka.

Fashi da Bilma suna can cikin hamada. Tsofaffin gidajensu da ƙasa mai gishiri aka yi su. In ta bushe tana da tauri ƙwarai. A Fashi akwai tsohuwar ganuwa, cikinta cike da manyan rumbuna na ƙasa. In mahara suka zo, jama'a su shige ciki da abincinsu.

Makiyayan Abzin kuwa bukka suke yi. Ana lanƙwasa itatuwa, a rufe da tabarmin kaba. Mata suke saƙa tabarmin, su suke kafa bukkar, kuma ta mace ce. In za a tashi, a naɗe ta a ɗora wa jaki ko raƙumi. Ga mai bin kiwo, babu gidan da ya fi ta dacewa.

Garuruwan da suka zama kufai

Ba kowane gari ya yi sa'ar Agadas ba. Kusa da Tegidda-n-Tesemt akwai kufan Azelik. Masana suna ganin shi ne Takadda, garin jan ƙarfe, inda matafiyi Ibn Battuta ya sauka a 1353. Yau sai tarin duwatsu da fasassun tukwane.

Asode, a tsakiyar Abzin, ya taɓa zama babban gari mai masallaci da gidajen dutse. Da ciniki ya ja baya, mutane suka yi ta raguwa. Bayan yaƙin 1917 bai sake tashi ba. Jado, arewa da Kawar, gari ne da aka gina bisa tudu, gida a kan gida. Babu mai zama cikinsa. Masu gonakin dabino ne suke zuwa wurin lokacin girbi.

Da dutse aka gina Asode, amma ya rushe. Da ƙasa aka gina Agadas, tana tsaye. Bambancin shi ne mutane. Ɗakin da aka rufe aka tafi, babu mai share rufinsa, babu mai toshe tsagarsa. Gara ta ci azara, rufi ya faɗa, ruwa ya shiga bango. Cikin tsohon garin Agadas ma ana ganin haka. Gidan gado da magada suka kasa shiryawa a kansa shi ne yake fara faɗuwa, kuma in ya faɗi yakan ja bangon maƙwabci.

Ruwa

Babban abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. A jihar Agadas ruwa ba ya zuwa kullum, amma in ya zo yakan zo da ƙarfi. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka bisa Abzin sai ya gangaro cikin ƙoramu.

A watan Agusta 2006 ruwa mai yawa ya sauka a Bilma. Gidajen ƙasar gishiri suka narke, mutane da yawa suka rasa wurin kwana. A farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta cika da dare, ta fasa madatsa, ta shiga unguwannin Agadas. Dubban gidaje suka rushe. Ɓarnar ta fi yawa a unguwannin da ke kusa da hanyar ruwa. A damina ta 2024 kuma ruwa ya yi ɓarna a jihohin ƙasar duka. A farkon Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, bayan ya yi shekara fiye da 150 a tsaye.

Abu biyu ake koya daga nan. Na farko, wurin gini yana gaba da kayan gini. Ƙoramar da ta yi shekara 20 ba ta kawo ruwa ba, wata rana za ta kawo. Na biyu, ruwa ta wuri biyu yake kashe bango: ta kai da ta gindi. Ginin da rufinsa yake da kyau, gindinsa kuma yake a bushe, zai daɗe.

Siminti, kwano da icce

Siminti yana da amfaninsa. Yana da kyau ga rijiya, ga salga, ga harsashin gini. Amma daga nesa ake kawo shi, yana da tsada. Kuma shafa shi kai tsaye a bangon ƙasa kuskure ne. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar fita. Bango ya jiƙe daga ciki, mai gida bai sani ba. Wata rana sai ɓawon ya faɗo gaba ɗaya da ƙasar da ke bayansa.

Ginin ƙasa ma yana da matsalarsa, ita ce icce. Kowane rufi yana cin azara. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa suka ragu, azara ta yi tsada. Saboda haka a 1980 aka fara gwada gini marar icce a Shikal, cikin ƙasar Filinge. Daga baya aka koya wa magina a Iferwan da waɗansu garuruwa. Dabarar daga ƙasar Masar ta samo asali. Ana buga ƙananan tubala, a jera su a lanƙwashe har su haɗu a sama, su zama baka ko tulluwa. Rufin da kansa yake riƙe kansa. Sai dai wannan aiki na maginin da ya koya ne. Kuma shi ma yana son yaɓe a kan lokaci.

Aikin mai gida kafin damina

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga abin da ya kamata a yi tun bazara:

1. A hau rufi a share shi. A cike duk inda ya lotsa, a daɓe.
2. A duba indararo. A fid da dattin da ya toshe shi. Ya zama mai tsawo, domin ruwa ya faɗi nesa da bango.
3. A toshe kowace tsaga, komi ƙanƙantarta.
4. A sake yaɓe, musamman gefen gabas, inda hadari ya fi bugawa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana biyu kafin a shafa. Inda akwai ɗorawa, a sa makuba.
5. A tara ƙasa a gindin bango, ta gangara waje, kada ruwa ya kwanta.
6. Kada a zuba ruwan wanka ko na wanki a gindin bango. A haƙa masa rami nesa kaɗan, a cika da tsakuwa.
7. A duba azara. In gara ta ci ta, a canza tun ba ta karye ba.

Wanda zai yi sabon gini, ya fara tambayar tsofaffin gari inda ruwa ya taɓa bi. Ya nemi tudu. Ya sa harsashi na dutse, ya ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida. Ya je ma'aikatar magajin gari ya sami takardar fili. Wanda ya sare icce ɗaya domin rufi, ya dasa biyu. Mai gida a tsohon garin Agadas kuwa, kafin ya rushe ko ya canza fuskar gidansa, sai ya nemi shawarar ofishin da ke kula da tsohon gari.

In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a kira gayya. A fara da gidajen tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu, sa'an nan masallaci da ɗakin karatu.

Kufai ma dukiya ne

Tsohon kango da zanen dutse ba su da mai gida, don haka jama'ar da ke kusa su ne masu tsaronsu. A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu bisa dutse. Babban ya wuce mita 5. Mutanen da suka sassaƙa shi sun yi dubban shekaru da mutuwa. Zanen yana shaida cewa wurin ya taɓa zama daji mai ruwa da ciyawa.

Tun 1997 ƙasar Nijar take da dokar tsare kayan tarihi. Bai kamata a kwashe duwatsun kufai a yi gini da su ba. Bai kamata a yi rubutu bisa tsohon zane ba, ko a tone kabari, ko a sayar wa baƙo abin da aka tsinta. Wanda ya ga wani abu na da, ya sanar da mai gari ko hukuma. A shekarun da baƙi suke zuwa da yawa, kafin rikicin 2007, maƙera da dukawa da direbobi da masu ja-gora sun ci abinci da waɗannan wurare. In aka ɓata su, babu mai iya mayar da su.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mi ne amfanin itatuwan da ke jikin hasumiyar Agadas?
2. Mi ya sa Asode ya rushe, ko da yake da dutse aka gina shi?
3. Wace ɓarna siminti yake yi in aka shafa shi a bangon ƙasa?
4. A wannan gari, ta ina ruwa ya bi a shekarar da aka yi ambaliya? Akwai gidaje a wurin yanzu?
5. Wane tsohon gini ko kufai yake kusa da garin? Wa ya san tarihinsa?

Lissafi

1. An gina masallacin Agadas wajen 1515. An sake gina hasumiyarsa a 1844. Shekara nawa ke tsakani?
2. Magini yana buga tubali 150 a yini. Yana bukatar 1,200 domin ɗaki ɗaya. Kwana nawa zai yi?

Rubutu

Kowane ɗalibi ya zagaya gidansa, ya rubuta gyara uku da yake bukata kafin damina. A kawo takardar a darasi mai zuwa, a karanta wa aji, a tsai da ranar gayya.